Yaron da Ya Dawo daga Tashin Hankali

  

Yau maganarmu a kan wani irin ciwo ne da kan kama yaro bayan ya ga abin firgita. Ciwon nan ba ya jini, ba ya kumburi, ma'aunin zafin jiki kuma ba ya nuna shi. Saboda haka sau da yawa a kan ga yaro yana tafiya da ƙafarsa, a ce ai lafiyarsa ƙalau, alhali kuwa yana ɗauke da miki a zuciya.

Kowa ya san abin da ƙasarmu ta gani. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu, yawancinsu a Borno da Yobe da Adamawa. A watan Afrilu na 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. A watan Disamba na 2020 aka kora yara maza fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara zuwa cikin daji a ƙafa. A watan Fabrairu na 2021 aka ɗauki 'yan mata 279 a Jangebe ta ƙasar Zamfara. A watan Mayu na shekarar nan kuma aka ɗauki ƙananan 'yan Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata 3 a hannun ɓarayin daji. Waɗannan su ne aka faɗa a rediyo. Waɗanda ba a faɗa ba sun fi yawa: yaron da ya kwana cikin rumbu yana jin harbi, da yarinyar da ta ga an kashe ubanta a ƙofar gida, da wanda ya yi gudu cikin dare bai san inda uwarsa ta nufa ba. Ba bindiga kaɗai ke kawo wannan ba. Ambaliyar da ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024, da gobara, da haɗarin mota, da kifewar jirgin ruwa, duk suna iya barin yaro da irin wannan ciwo.

Ran da yaro ya dawo gida a kan yi murna, a yi sadaka, a gode wa Allah. Daidai ne. Amma ku sani, ran nan ne aikinku ya fara. Magana ɗaya ni ke so ku riƙe daga jawabin yau: babban maganin yaron da ya firgita yana cikin gidanku, watau babban mutum mai haƙuri wanda yaron ya sani, ya kuma amince da shi.

Abin da ke faruwa cikin jiki

Bari in bayyana muku yadda abin ya ke. A cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai wani ɗan wuri da aikinsa ya ke kamar na mai gadi. Da ya hango haɗari sai ya aika da saƙo zuwa waɗansu ƙananan ƙululu biyu da ke bisa ƙoda, su kuwa su zuba wani ruwa cikin jini wanda likitoci ke kira adirinalin. Nan da nan zuciya ta kama bugawa da sauri, numfashi ya yi gajere, baki ya bushe, ciki ya daina narka abinci, ƙafafu su yi shirin gudu. Wani lokaci kuma jiki ya kan sandare, mutum ya kasa gudu, ya kasa kuka. Duk wannan tanadi ne na tsira da rai, kuma ba mutum ke zaɓar wanda zai same shi ba.

In haɗari ya wuce, mai gadin nan ya kan koma ya kwanta. To, a wurin waɗansu yara sai ya ƙi kwanciya. Yana nan tsaye dare da rana, ko ƙaramin motsi ya ji sai ya buga kuwwa. Hausawa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa su kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Yaron da mahara suka zo garinsu a kan babura, in ya ji ƙarar babur a kasuwa sai jikinsa ya ɗauki rawa. Hankalinsa ya san ɗan acaɓa ne, amma jikinsa bai yarda ba.

Kada wannan ya karya muku zuciya. A 2014 waɗansu masana suka tara binciken da aka yi a kan yara fiye da 3,500 waɗanda suka gamu da abin firgita. Suka tarar kamar ɗaya cikin 6 ne ciwon ya zauna masa. In haɗari ne, kamar ɗaya cikin 10. In kuwa ɗan adam ne ya yi cutar da gangan, kamar ɗaya cikin 4, kuma ya fi kama 'yan mata. Watau yawancin yara su kan warware da kansu cikin 'yan makonni, in sun sami kwanciyar hankali da kulawa. Inda abin ya yi ta maimaituwa, ko yaro ya rasa iyayensa, nan ne ya fi wuya.

Alamun da za ku gani

Labarin zuciya a tambayi fuska. Yaro ba zai zo ya ce muku, "Baba, hankalina a tashe ya ke" ba. Halinsa ne zai faɗa muku.

Ƙaramin yaro, wanda bai kai shekara 6 ba, ya kan koma baya. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi. Wanda ya iya magana ya yi shiru, ko ya koma gwaranci. Ya kan manne wa uwa, ko bayan gida za ta shiga sai ya bi ta da kuka. Ya kan ji tsoron duhu, ya ƙi kwana shi kaɗai. In yana wasa za ku ga yana ta kwaikwayon abin da ya gani, ya ɗauki kara ya mai da shi bindiga, yau da gobe wasa ɗaya.

Ɗan shekara 6 zuwa 12 ya kan yi mugun mafarki, ya farka da ihu, jiki sharkaf da gumi. Ya kan yi ta kukan ciwon ciki ko ciwon kai, a auna a ga ba zazzaɓi. Karatun da ya iya ya kan ɓace masa, malami na magana shi kuwa hankalinsa na wani wuri. Wani ya zama mafaɗaci, ya yi ta dukan ƙannensa. Wani kuma a ɓoye yana zargin kansa, yana cewa da bai saki hannun ƙanensa ba da ba a kama shi ba.

Saurayi ko budurwa su kan janye daga mutane. Yarinyar da ta ke son gaɗa ta daina fita dandali. Yaro ya daina zama da abokansa, ko ya koma bin waɗanda ba su dace ba. Waɗansu su kan yi ta maganar ramuwa. Waɗansu su ce rayuwa ba ta da wani amfani. Waɗansu kuma su fara shan ƙwaya don su sami barci.

Akwai yaron da ba ya nuna kome. Yana cin abinci, yana aiki, ba ya kuka, ba ya dariya. A kan yaba masa a ce jarumi ne. Ku sa masa ido kamar sauran, gama wani ciwon ba ya fitowa sai bayan wata 2 ko 3.

Ba taurin kai ba ne

In yaro ya yi fitsarin kwance bayan irin wannan abu, ba ƙazanta ba ce, ba ganganci ba ne. In kun doke shi, ko kun tara yara suna yi masa waƙar tsiya, kun ƙara ta da mai gadin nan na cikin ƙwaƙwalwa, gobe fitsarin ya ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunne a kan wannan tun 2013, ta ce horo ba ya maganin irin wannan fitsari, sai dai ya ƙara ɓata shi. Ku shimfiɗa masa leda a ƙarƙashin zane, ya yi fitsari kafin ya kwanta, ku ajiye fitila da gwangwani kusa don kada tsoron duhu ya hana shi tashi. Da safe a wanke shimfiɗa ba tare da surutu ba. Ran da ya tashi a bushe ku yaba masa.

Na san in yaro ya zabura cikin dare, ko ya zuba ido wuri ɗaya ba ya amsawa, waɗansu su kan ce iska ce ta taɓa shi a daji. Addu'a abu ne mai kyau, tana kwantar da hankalin yaro da na iyaye, ba mai hana ku yi. Abin da na ke roƙo shi ne, kada a doki yaro da sunan fitar da wani abu daga jikinsa, kada a turara masa barkono, kada a ɗaure shi, kada a kulle shi a ɗaki shi kaɗai. Yaron da aka ɗaure a daji, in aka sake ɗaure shi a gida, ina ya ke da sauran wurin tsira?

Har wa yau kada ku ɗora kome a kan firgita. Zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau su ma su kan sa yaro sambatu da fizge-fizge. Farfaɗiya ciwo ne dabam, tana da maganinta. Tsargiya da ciwon mara da ciwon sukari su kan kawo yawan fitsari. Shi ya sa ya kamata a fara kawo yaro ɗakin magani a duba jikinsa.

Kwanakin farko

Yaron da ya dawo daga daji, ku kawo shi ɗakin magani ran nan ko kashegari. Za a duba tafin ƙafarsa da sauran raunuka, a wanke, a yi masa allurar rigakafin sarƙewar haƙora in da bukata, a auna jininsa don zazzaɓi, a duba gudawa da tamowa. In ya daɗe da yunwa, kada ku cika masa ciki da tuwo da nama lokaci ɗaya. Ku fara da kunu ko koko, kaɗan kaɗan, sau da yawa a yini.

Sa'an nan ku tsare shi daga 'yan barka. Mutane za su cika gida, kowa ya zo ya ce, "Yaro, faɗa mana, yaya aka yi? Sun doke ku? Wa aka kashe?" Mutum 30 su tambaya, yaro ya ba da labari sau 30, kowane karo kuwa jikinsa na komawa dajin. Maigida ya karɓi baƙi a zaure, ya amsa musu da kansa. Kada a bari a ɗauki hoton yaro ko muryarsa a waya a watsa. Kada kuma a kalli hotunan gawawwaki a waya a gabansa, ko manya su zauna suna ta labarin kashe-kashe suna tsammani ba ya ji. Yana ji sarai.

Kada a raba shi da wanda ya sani

A watan Satumba na 1939, da aka fara Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, gwamnatin Ingila ta kwashe yara dubu ɗaruruwa daga Landan da sauran manyan birane ta kai su ƙauyuka, don tsoron bom. Da yawa sun tafi ba tare da iyayensu ba. Waɗansu mata biyu, Anna Freud da Dorothy Burlingham, suka buɗe gidajen renon yara lokacin yaƙin, suka riƙa lura da su suna rubutawa. Abin da suka gani ya ba mutane mamaki. Ƙananan yara su kan jimre wa ƙarar bom in suna tare da uwa mai natsuwa. Rabuwa da uwa ita ce ta fi girgiza su.

Wannan darasi ne gare mu. In gari ba lafiya, tilas a tashi, ba mai cewa a zauna cikin haɗari. Amma in za a tashi, a tafi da yaro tare da uwarsa, ko kakarsa, ko wani babba da ya saba da shi. Kada a ɗauki yaron da ya dawo jiya a tura shi wani gari wurin mutanen da bai sani ba, wai don ya manta. 'Yan'uwa da suka rasa iyaye, in da hali kada a rarraba su gida gida. A sansanin 'yan gudun hijira ma haka, a koya wa ƙaramin yaro sunansa da sunan ubansa da na garinsu, don ko an rabu a gane shi.

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata mu duba. Uwa ta kan yi kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta jawo shi jiki a gaban mutane. Uba kuma ya kan yi nesa da 'ya'yansa don girma. To, in yaron da abin ya sama ɗan fari ne, a samo wanda zai tsaya masa: kaka, ko goggo, ko kawu, ko yaya. Kaka ta fi kowa dacewa, gama akwai wasa tsakaninsu, zai faɗa mata abin da ba zai faɗa wa uba ba. Ke kuma uwa, in dare ya yi ba mai ganinki. Ki dafa kansa, ki ce, "Ina nan." Ba wanda zai zarge ki.

Yadda za a saurare shi

Kada ku matsa wa yaro ya yi magana, kada kuma ku hana shi. A da waɗansu ma'aikata su kan tara waɗanda abin ya shafa nan da nan, a sa kowa ya faɗi duk abin da ya gani. Bincike ya nuna wannan ba ya hana ciwon, har ya kan ƙara wa waɗansu, saboda haka an bar shi. Ku dai buɗe masa ƙofa. Ku ce, "Duk ran da ka ke so ka gaya mini wani abu, ina jinka." Yara sun fi magana in hannunsu na aiki, wajen ɓarar gyaɗa, ko kan hanyar gona, ko wajen kitso.

In ya fara, ku yi shiru ku ji. Kada ku ce, "Namiji ba ya kuka." Kada ku ce, "Ai ya wuce, manta da shi." Kada ku ce, "Don me ba ka gudu ba?" Abin da ya ke bukatar ji shi ne: "Na yarda da abin da ka faɗa. Ba laifinka ba ne. Kowa ya ga abin da ka gani zai ji tsoro, har ni."

Ku faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa. In ubansa ya rasu, kada a ce ya yi tafiya. Yaro zai yi ta tsaron ƙofa, ran da ya gane kuwa ya daina yarda da maganarku. Ku ce Allah ya yi masa rasuwa, ba zai dawo ba, ga wanda zai riƙe ka. Kada kuma ku yi alkawarin da ba ku da iko da shi, kamar ku ce mahara ba za su sake zuwa ba har abada. Ku gaya masa abin da aka shirya: "In wani abu ya faru, ni zan ɗauke ka, ga inda za mu haɗu."

Komawa ga al'amuran yau da kullum

Abin da ke kwantar da mai gadin nan shi ne yau ta yi kama da jiya. Lokacin cin abinci ɗaya, lokacin kwanciya ɗaya, wurin kwana ɗaya. Ɗan makaranta na bukatar barcin awa 9 zuwa 12. In yana tsoro, ya kwana kusa da babba, a bar fitila. In ya farka da ihu, kada a girgiza shi da faɗa. A kira sunansa a hankali, a ce, "Kana gida, ga Inna, ga ɗakinmu," a ba shi ruwa.

In tsoro ya taso masa da rana, ku koya masa numfashi. Ya ɗora hannu a ciki, ya ja iska ta hanci yana ƙirga 1, 2, 3, sa'an nan ya fitar ta baki a hankali kamar mai hura koko mai zafi. Ya yi haka sau 10. Fitar da numfashi a hankali na rage bugun zuciya. Ku yi tare da shi tun yana cikin natsuwa, don ya iya kafin bukata ta zo.

Ku bar shi ya yi wasa: langa, da ƙwallo, da carafke, da 'yar tsana, da zane a ƙasa. Wasa shi ne bakin yaro. Tatsuniya da dare tana da amfani, sai dai a ɗan ajiye ta dodo tukuna. Ku ba shi ɗan aiki daidai ƙarfinsa, kamar ba awaki dusa ko shara, ku gode masa in ya yi. Wanda aka mai da shi ba a bakin kome ba, yana bukatar ya ga yana da amfani.

Makaranta ma magani ce, ta boko da ta allo. In wurin da lafiya, ya koma da wuri, ko da rabin yini ne da fari, wani babba ya raka shi. Ku gaya wa malami abin da ya faru, ku roƙe shi ya ajiye bulala, ya kuma hana yara tsokana. Abin da yaro ke tsoro, kamar babur ko hanyar rafi, kada a tura shi kai da ƙarfi, kada kuma a bar shi yana gudunsa har abada. A kusanta shi kaɗan kaɗan, hannunsa cikin na babba. Sannu ba ta hana zuwa.

Maganar 'yan mata, da ta samari

Yanzu zan faɗi magana mai nauyi, ku gafarce ni. In an yi wa yarinya fyaɗe, ko yaro namiji, gama su ma a kan yi musu, a kai asibiti nan take. Akwai maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau, amma sai an fara shi cikin awa 72, watau kwana 3. Akwai na hana ɗaukar ciki, shi kuma cikin kwana 5. Ko kwanakin nan sun wuce a kai ta, gama akwai sauran cututtuka da a ke magani. Ma'aikacin lafiya ba shi da izinin fallasa asirinku.

Abin kunyar yana kan wanda ya aikata, yarinya ba ta da laifi. Kada a kira ta matar 'yan daji, kada a ware mata kwano, kada a yi mata aure da gaggawa don a rufe magana. Waɗanda suka dawo daga hannun mahara da yawa sun ce gorin mutanen gari ya yi musu zafi kamar zaman dajin. Jaririn da aka haifa ta wannan hanya shi ma bai san hawa ba bai san sauka ba. Mai unguwa da liman da fasto da shugabar mata, in suka shiga gidan suka ci abinci tare da yarinyar, sun rufe bakin gari.

Saurayin da aka tilasta masa ɗaukar kaya ko bindiga, shi ma yaro ne da aka cuta. In gari ya ƙi shi, daji zai karɓe shi. A sa shi sana'a ko noma ƙarƙashin wani dattijo mai hankali.

Hattara da ƙwaya

Kada ku je kemis ku sayo wa yaro maganin barci irin su baliyam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana ba da irinsa don firgita ko rashin barci a watan farko, ga yaro da babba. Yana danne abin ne kawai, jiki kuma ya kan saba da shi. Ku lura da samari game da tiramol da sholisho da kodin. Gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. In kun ga alamar shaye-shaye, kada ku kore shi daga gida. Ku kawo shi a yi shawara.

Yaushe za a komo ɗakin magani

Ku komo in wata ɗaya ya cika abin bai ragu ba, ko yana ƙaruwa. Amma kada ku jira ko kwana ɗaya in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan: yaro ya ƙi ci da sha, ya daina magana ɗungum, bai gane mutanen gida ba, yana jin muryoyi ko ganin abin da ba a gani, yana fizge-fizge ko zazzaɓi mai zafi, yana ji wa kansa ko wani rauni, ko ya ce gara ya mutu. Wannan ta ƙarshe kada ku ɗauke ta wasa. Ku tambaye shi a fili cikin taushi, tambaya ba ta sa mutum ya aikata. Ku kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya da igiya da makami, kada a bar shi shi kaɗai, ku kawo shi ran nan.

In abin ya fi ƙarfinmu za mu ba ku takarda zuwa babban asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta ƙasar Sakkwato, akwai kuma na Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin ɗanku ya haukace. Babban maganin wannan ciwo zama ne da ma'aikacin da aka koya masa, mako mako, yawanci wata 3 ko 4. A kan koya wa yaro yadda zai kwantar da jikinsa, sa'an nan a bi labarin da shi sannu sannu har ya iya tunawa ba tare da jikinsa ya ɗauki rawa ba. A kan sa iyaye a ciki. Tun 1954 wani likita ɗan ƙasarmu, Dokta Thomas Adeoye Lambo, ya fara sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro kusa da Abeokuta, kowanne tare da ɗan'uwansa, gama ya gane mutum ya fi warkewa cikin mutane. A watan Janairu na 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba mai irin wannan ciwo haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci.

Ku ma iyaye

Na san da yawa cikinku abin da yaro ya gani kun gani, har fiye. Waɗansu sun sayar da gona da shanu don su fanshi ɗansu. Yaro kuwa fuskarku ya ke duba don ya san ko akwai lafiya. In ba kwa barci, in ƙaramin abu na sa ku faɗa ko duka, in kuka na zo muku ba dalili, ku ma ku zo a duba ku. Ku sami wanda za ku faɗa wa damuwarku. Ba laifi yaro ya ga hawayenku, in kun ce masa, "Ina baƙin ciki ne, amma zan kula da kai." Maƙwabta kuma ku kama musu, wannan ya ɗebo ruwa, wancan ya riƙe yara yini ɗaya, uwa ta sami hutawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To jama'a, ga abin da za ku riƙe. A duba jikin yaro da wuri. A bar shi tare da wanda ya sani. A tsare shi daga masu tambaya. A saurare shi in ya so magana, a faɗa masa gaskiya. Ban da duka, ban da gori, ban da ƙwayar barci. A mai da shi ga wasa da makaranta da aikin gida. In wata ya cika ba sauƙi, ko an ga alamar haɗari, a komo ɗakin magani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya raya mana 'ya'yanmu.